Na yi wa kowa hidima a gidanmu, amma na kasa kai kaina asibiti

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan Zariya, shekaruna 38, ban taɓa aure ba. Mu shida ne wurin mahaifiyarmu, ni ce babba. Ina kwalejin horar da malamai Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, tun daga ranar hidimar gida ta dawo kaina. Da albashina da ɗinkin da nake yi da daddare na biya wa ƙannena kuɗin makaranta, na aurar da matan biyu har da kayan ɗaki. Mai bi mini yanzu yana aiki a Abuja, ɗaya yana da shagon gyaran waya, autanmu yana jami'a. Manema sun zo, ina ce musu sai na ga yaran nan sun tsaya da ƙafafunsu, har suka gaji suka daina zuwa.

Bara likita ya ce ina da ƙarin mahaifa. Jinin al'ada yakan kai kwana goma yana zuba, ina tafiya jiri na ɗibata, in na hau bene sai na tsaya ina haki. Ya ce in koma a duba ko za a yi aiki. Ban koma ba, ban kuma faɗa wa kowa a gida ba. Na dai shiga adashe don kuɗin aikin, ƙarshen watan gobe kwasata ce, naira dubu 600. To ga shi an sa wa ƙanena mai shago rana bayan Babbar Sallah. Mama ta kira ni ɗaki ta ce lefe ya gagara, ta san ina da kwasa, in rufa masa asiri yadda na saba. Na buɗe baki zan ce ina da lalura, sai na ji bakina ya ce "to".

Kwanaki wata abokiyar aikina ta shiga da ni kasuwar Sabon Gari ta ce in zaɓi atamfa ɗaya za ta biya. Na tsaya a gaban shago na rasa wacce nake so. Na san kalar da Mama ke so, na san ta kowace ƙanwata, tawa ce ban sani ba. Na koma gida na yi ta kuka. In na ce a'a sai in ji kamar na saɓa wa Allah, in na ce to sai in kwana ina jin haushinsu, daga baya in ji haushin kaina. Anti, son kai ne in na riƙe kuɗin nan?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba son kai ba ne. Ki riƙe kuɗinki, kuma kada ki jira kwasar ta zo kafin ki koma asibiti, ki koma cikin satin nan.

Na fara da wannan ne domin abin da kika faɗa a gurguje, kamar ba shi ne damuwarki ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Al'adar da ke wuce kwana bakwai tana zuba da yawa, ga jiri, ga haki a bene, alamun ƙarancin jini ne. Shi ƙarin mahaifa a mafi yawan lokuta ba ciwon daji ba ne, kuma ya yi yawa a tsakanin matan Afirka, mata da dama suna ɗauke da shi ba su ma sani ba. Amma naki yana zubar miki da jini kowane wata, kuma jini in ya daɗe a ƙasa zuciya ce ke shan wahalar, domin dole ta ninka bugu kafin ta isar da iska ga jiki. Ki je sashen mata na Asibitin Koyarwa da ke Shika, ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko wurin likitan da ya fara ganinki. A auna yawan jininki, a sake hoton ciki, tunda na bara ya tsufa. Ba kowane ƙari ne ake yi wa aiki ba. Akwai magungunan rage zubar jinin da na ƙara jini a jiki, kuma ko aikin ya kama, likita yakan so jinin ya hau tukuna. Ki faɗa masa baki da baki cewa kina fatan aure da haihuwa, domin akwai aikin da ake cire ƙarin a bar mahaifa, akwai wanda ake cire ta gaba ɗaya, ya kamata ya san burinki kafin ya ba da shawara. Ki nemi a faɗa miki kuɗin yanzu, kin san yadda farashin komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023, dubu 600 ɗin nan ba lallai ne ta yi rara ba. In ma'aikaciyar gwamnati ce ke, ki tambaya a ofis ko kina cikin tsarin inshorar lafiya na jiha, KADCHMA, da abin da yake ɗauka. Masu lasifika a tasha da ke rantsuwa jiƙonsu na narkar da ƙari cikin sati biyu kuwa, ki wuce su.

Sai batun saɓa wa Allah, wanda na lura shi ya ɗaure miki harshe a ɗakin Mama. Akwai labari a cikin Buhari da nake so ki sake saurara da kunnen mai lalura. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa cikin tsummoki. Ya tambaye ta lafiya, ta ce ɗan'uwanka ba ruwansa da duniya. Abud Darda'i ya kawo abinci ya ce ci, ni ina azumi. Salman ya ce ba zan ci ba sai ka ci. Dare ya yi, ya miƙe zai yi nafila, Salman ya ce kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake ce masa kwanta. Sai ƙarshen dare ya ce yanzu tashi, suka yi salla tare. Sannan ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da maganar ta je gaban Annabi (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Ki duba fa, azumi da tsayuwar dare aka ce wa mutum ya sassauta saboda haƙƙin jikinsa, balle akwatin lefe. A Muslim kuma akwai inda Annabi (SAW) ya ce wa wani mutum ya fara da kansa, in wani abu ya ragu sai iyalinsa, in ya ragu sai danginsa. A Suratul Isra'i, aya ta 29, an hana mu ƙuntata hannu, an kuma hana mu shimfiɗa shi gaba ɗaya har mu koma abin zargi, ba mu da komai.

Ta fuskar fiƙihu ma maganar a fili take, kuma ke da kike Zariya ba sai kin yi nisa ba, kowane almajirin zaure a Unguwar Juma ko Kona da ya biya Risala ya san ta. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyarwar da ta zama dole a kan mutum ita ce ta matarsa, da iyayensa biyu in mabuƙata ne, da ƙananan 'ya'yansa. Ban da waɗannan babu wani dangi da ciyar da shi ya wajaba. Ciyar da uwa mabuƙaciya nauyi ne a kan 'ya'yanta masu hali, ba a kan ɗaya kaɗai ba. Abin da kika yi wa ƙannenki shekara da shekaru sadaka ce da zumunci, Allah ya ba ki ladansa ninkin ba ninkin, amma ba bashi ba ne da ake binki. Lefe kuwa al'ada ce. Sadaki ne wajibi, kuma a kan ango yake.

Na san wani zai ce ai Allah ya yabi Ansar a Suratul Hashri da cewa suna fifita wasu a kan kansu ko da suna cikin buƙata. Haka ne. Amma ayar nan ta siffanta su da cewa ba sa jin wani ƙyashi a ƙirjinsu, kuma su suka zaɓi su bayar. Ke kin ce kin buɗe baki za ki faɗi lalurarki sai "to" ta fito, kika kwana da haushi. Wanda zai iya hanawa amma ya bayar, shi ne mai kyauta. Ke an kai matakin da hanawar ce ba ki iyawa, kuma haushin nan da kike jin kunyarsa shi ne yake sanar da ke cewa an ɗiba fiye da abin da kike da shi.

Ba da gangan kika kai nan ba. Kina budurwa aka ɗora miki kayan uba, kika ɗauka, gida ya tsaya. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da yaran da hidimar manya ta faɗo wa da wuri: sukan ƙware wajen karanta fuskar kowa, su san abin da mutum ke so tun bai furta ba, amma a kansu sai su zama baƙi. A hankali mutum yakan fara auna darajarsa da amfanin da yake yi wa mutane, har ranar da bai biya wa kowa buƙata ba ya ji kamar ba shi da dalilin zama a gidan. Mu kuma muna da namu hannun a ciki. Muna cewa babba juji ne, muna yabon 'ya mace da cewa ba ta da baki, muna kiran shirunta kawaici. Kara da kawaici halaye ne masu kyau, ni ma da su aka rene ni, amma ban taɓa jin malamin da ya ce a ɓoye ciwo shekara guda saboda kara ba.

Yanzu bari in tsaya wa Mama kaɗan, don na ji a wasiƙarki kin fara ƙullatarta. Matar nan mijinta ya rasu ya bar ta da yara shida, ta waiga ta ga 'yar da ba ta taɓa ce mata babu ba. Shekara kusan ashirin duk ƙofar da ta rufe, taki ce ke buɗewa. Da ta kira ki ɗaki, abin da ke gabanta kunyar surukai ce, kada a buɗe akwati a gaban dangin amarya a yi ta zunɗe. Ba ta auna lefe da jininki ta zaɓi lefe ba, domin ba ta san da maganar jinin ba. Ke kika ɓoye mata. Ba ina ɗora miki laifi ba ne, ina nuna miki cewa har yau ba ki ba ta damar zama uwa a gare ki a wannan lamari ba. Haka ƙannenki. Sun tashi sun ga Yaya ba ta ciwo, ba ta gajiya, ba ta sha'awar komai, suka ɗauka haka Allah ya yi ta. Mai shagon nan ba lallai mugu ba ne, sabo ne ya yi masa yawa. Sai dai wanda zai ajiye mace lokaci ya yi da zai san nauyin aljihunsa, kuma in kika yi masa lefe yau, ranar suna ma ƙofarki za a ƙwanƙwasa. Na Abuja kuma kada ki yanke masa hukunci daga nesa, haya da kuɗin mota a can suna cinye albashi, amma ko nawa yake samu akwai rabonsa a hidimar uwarsa.

To, yaya za ki janye "to" ɗin da kika riga kika ce? Da wuri, tun ba a je kasuwa an ɗauko kaya bashi da sunan kwasarki ba. Ki sami Mama ita kaɗai, bayan isha'i ko da hantsi in gida ya yi shiru, da katin asibiti da takardar hoton a hannunki, don takarda takan faɗi abin da baki ya kasa. Ki ce mata: "Mama, akwai maganar da na ɓoye miki tun bara, ki yafe ni. Ba ni da lafiya, likita ya ce mai yiwuwa sai an yi mini aiki, kuma adashen nan don shi na shiga. Na amsa miki ne don na kasa musa miki, amma kuɗin nan na asibiti ne." Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta yi magana. Kada ki jero mata abin da kika yi wa gida tun rasuwar Baba. Ya zama gori, Alƙur'ani ya gargaɗe mu cewa gori na ɓata sadaka, sannan zai mai da zancen rigimar wa ya yi wa ya bari, alhali maganar lafiyarki ce. In kin san bakinki zai sake cin amanarki, ki fara gaya wa wata gwaggo ko kawu da Mama ke jin nauyinsa ku shiga tare. Ko kuma ki ce ta raka ki asibiti ranar ganin likita, ta ji da kunnenta.

Ina sa ran hankalinta zai tashi ta ce don me ba ki faɗa ba. Amma ki shirya wa ɗaya amsar ma, wato ta ce ki daure a yi bikin, in ya so daga baya a haɗa miki. Kada ki karɓi wannan. Kuɗin da ya shiga akwatin lefe ba ya fitowa, kuma bayan biki kowa fama yake da bashinsa. Ki ce mata cikin ladabi likita ne zai sa lokaci, ba ke ba. Ki kuma roƙi uwar adashe ta tura miki kwasar kai tsaye cikin wani asusu na daban, kada tsabar kuɗi ta kwana a ɗakinki, domin na san halin irinku, hawaye biyu za a yi a gabanki ki miƙa.

Lefen ba zai gagara ba don kin janye. A rage akwatuna. A tura kawunku ya sami waliyyin amarya ya ce ga abin da yaro zai iya, sauran a cika bayan an tare. Iyaye da yawa a wannan zamani sun fi son gaskiya a kan a ciwo bashin da 'yarsu za ta shiga ta tarar. Na Abuja ya kawo nasa, mai shago ya shiga nasa adashen, in ta kama a ɗaga rana da wata biyu ba a kanku aka fara ba. In kina so ki sa albarka, bayan kin ji lissafin asibiti ki yanke abin da ba zai taɓa ki ba, turmi ɗaya ko biyu, ki ba shi da hannunki da fara'a. Sannan ga wata hidima da za ki ba mazan nan: kafin aiki asibiti yakan nemi dangi su ba da jini. Ki ce su zo a gwada su. Ƙannen mata kuma su raba kwanakin jinya. Kada ki ce kunya, barin su yi miki wani abu shi zai fara gyara zaman.

In ƙura ta lafa, ku zauna ku shida, ko a waya ne. Ki rubuta abin da gida ke ci a wata a takarda: abinci, wuta, maganin Mama, kuɗin makarantar auta da na kashewarsa. Na tabbata wasunsu ba su taɓa ganin jimillar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya faɗi abin da zai riƙa kawowa da ranar da zai kawo, ke ma ki faɗi naki ki tsaya a kansa. Duk buƙatar da ta taso a bayan wannan, ki koya wa bakinki jimla ɗaya: "Bari in duba, zan faɗa maka gobe." Daren nan guda zai ba ki damar tambayar kanki ko kina da shi, ko kuma kina so.

Za a yi fushi, kada ki ce ban faɗa miki ba. Za ki ji ana Yaya ta canza, wataƙila a yi kwana biyu ana amsa miki gaisuwa a daƙile. Ke ma cikinki zai riƙa ɗurar ruwa kamar kin yi laifi. Wannan rashin sabo ne, ba alamar zunubi ba, kuma yana raguwa. Ki ci gaba da gaishe da Mama, ki ci gaba da zama ana hira, kuɗin dai ya tsaya inda kika ajiye shi.

Kukan da kika yi bayan kasuwa ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Zaɓi ma sai da amfani yake zama, wanda ya daɗe bai yi ba yakan manta yadda ake yi, amma yana dawowa. Ki fara da ƙanana. In za ki ɗora tukunya ranar Asabar, ki dafa abin da ke kike marmari ko da sauran sun fi son wani. A cikin ɗinkin da kike yi wa mutane ki yanka wa kanki riga ɗaya. Ki koma shagon nan tare da abokiyar aikin taki, ki sa a sauko da turmi uku kacal, ki ɗora kowanne a kafaɗa, wanda idonki ya koma kansa sau biyu ki ɗauka, kada ki tambayi kowa ko ya yi kyau. Matar nan kuma ki riƙe ta, wadda ta lura ba ki da sabuwar atamfa za ta iya jin maganar asibiti. Sai dai ki sa ido a kan abu ɗaya. Ƙarancin jini da kansa yana kawo kasala da mutuwar jiki, amma in kika ga baƙin ciki ya zauna miki kusan kullum har sati biyu ko fiye, barci ya lalace, abin da kike jin daɗinsa da ya daina yi miki daɗi, ki faɗa wa likitan da ke duba ki. Ciwon damuwa ne, yana da magani, akwai sashen da ke kula da shi a Shika, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa tunanin gara mutuwa ya taɓa gifta miki, a ranar za ki gaya wa wani, kada ki kwana da shi.

Ba ki tambaye ni batun aure ba, amma kin sako shi a wasiƙar, don haka zan taɓa. Sharaɗin da kika gindaya wa manema ya cika, yaran sun tsaya da ƙafafunsu, har ɗaya yana shirin ajiye iyali. Shekara 38 ba ta rufe ƙofa ba. In kina so, ki gaya wa gwaggon nan taki cewa yanzu in mutumin kirki ya zo a saurare shi, don dangi sun daɗe da ɗauka ke ce ba ki so. Kada dai ki yi auren gudun gida, kuma ki lura da mai neman wadda za ta zo ta ɗauke masa nauyin nasa gidan da albashinta, irinsu suna da hancin gano mace mai halinki. Wanda ya zo, tun a zaure ki faɗa masa abu ɗaya da kike so da abu ɗaya da ba ki so, ki ga yadda zai karɓa. Amma wannan duk sai jini ya hau. Allah ya ba ki lafiya, ki rubuto mini abin da likita ya ce.